Abin da Na Ci Tsakanin Kwargaba da Goronyo

Alhamis

Na sauka Kwargaba gab da azahar, hazo ya lulluɓe fadama. Nan babu gidan abinci mai allo a ƙofa, wanda yunwa ta kama sai ya bi hayaƙi. Hayaƙin ya kai ni rumfar kara ta wata dattijuwa, ga tukwane kan murhu, ga benci da tabarma.

"Mi kaka so, ɗana, sure ko kuka?"

Na ce, "Inna, a sa mini sure."

Ta tsoma mara a ruwa, ta kwaso tuwon shinkafa, ta mulmula, ta kwarara miyar da ta ji daddawa, ta ɗiga man shanu. Shinkafar ta fadamar nan ce, mata suka turara ta a gida, shi ya sa take da ƙamshin da ta buhun kanti ba ta da shi. Ina cikin ci 'yan ƙwadago suka shigo daga gonakin albasa da tafarnuwa, ƙafafu duk laka. Suka ci, suka wanke hannu, suka tashi, ba wanda ya taɓa aljihu. Sai mai gona ya sallame su da yamma za su biya. Ba ta rubuta komai, duk a ka take riƙewa. Wannan amana ta burge ni ƙwarai, don ita ke tsayar da mai aiki a gona har la'asar.

Juma'a

Wurno. Garin na bisa tudu, fadamar Rima shimfiɗe a ƙarƙashinsa. Nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, nan ya rasu a 1837, nan kabarinsa yake. Bayan an sauko daga masallaci na gangara inda matan Fulani ke jera ƙorai. Wadda na tsaya wurinta ta murje curin fura da bayan ludayi, tana zuba nono kaɗan-kaɗan har gudaji suka mutu, ƙamshin citta da kanumfari na tashi. Ban ga dalilin da zai sa a fifita furar inji ta birni kan wannan ba. Na ƙara da masa mai zafi, yanzu aka kwashe daga tanda.

Asabar

Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli na samu hannun wata yarinya mai talla, da yamma kuma shayi da burodi. Mai shayin ya soma tattara kofuna tun kafin isha'i. Ya ce da sai dare ya raba yake tashi, yanzu direbobi sun bar tafiyar dare, wa zai jira?

Lahadi

Ranar kasuwar Goronyo, kuma ranar kifi. Tun da aka kammala madatsar ruwa a kan gulbin Rima a 1984, su da noman rani suka zama ƙashin bayan garin. Layin masu suya ya isa kallo: tarwaɗa da karfasa na iyo cikin mai, ana tsamowa da matsami, a barbaɗa yaji, a naɗe a takarda. Gefe guda ga bandar kifi tuli-tuli, gaba kaɗan mahauta na juya balangu, sai masu shinkafa da wake da mai da yaji. A tsugune na ci karfasata, kusa da wani dattijo da ya kawo albasa a jaki. Ya miƙo mini guda ya ce, "Yanka ka haɗa, Malam, tamu ta."

Amma cin nan da sauri ake yinsa. A wannan kasuwa ce 'yan bindiga suka buɗe wa jama'a wuta ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021, suka kashe mutum fiye da 40. Allah ya jiƙansu. Kowa na ci yana duban rana. Wata mai abinci ta gaya mini ta rage sanwa, gara ya ƙare da wuri da ta koma gida da kwantai. Har itace ya yi mata tsada, tunda shiga daji ya zama kasada, da karan dawa take hura wuta. Abin ya tsaya mini a rai. In ana lissafin ɓarnar 'yan bindiga, shanu ake ƙirgawa da buhunan hatsi, ba na jin ana sa tukunyar irin waɗannan mata a ciki, alhali da ita suke ciyar da marayu.

Litinin

Hanyar komawa Sakkwato muka tsaya Achida, na karya da kunu da ƙosai a bakin tasha. Kusa da mai ƙosan wata matashiya ce ke suyar awara, goye da jariri. An tashe su daga ƙauyensu, jarinta tiya ɗaya ce ta waken suya, kaskon ma na aro ne. Mai ƙosan ce ta matsa mata wuri, kuma duk wanda ya saya wurinta sai ta ce, "Alhaji, a taɓa na ƙanwata mana." Direbanmu ya sayi na yaran mota, fasinjoji suka bi sahu. Kafin a gama ɗaure kaya ta sayar da kasko biyu, ta aiki yaro ya ƙaro mata mai.