Lissafin Wuta a Gidanmu na Jajaye

A watan Oktoba na 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe kwanaki babu wutar lantarki, ina Jajaye ta ƙaramar hukumar Rogo ina tattara waƙoƙin daɓe. Wata tsohuwa da na daɗe ina lallaɓawa ta amince ta rera mini. Ba ta yi nisa ba rikodata ta mutu, wayata ma babu caji. Da na koma bayan sati biyu, na tarar rashin lafiya ta kwantar da ita. Har yau ban sami waƙar nan ba. Ranar na ƙudura sai na samar wa gidanmu wuta, duk da cewa ɗan abin da na tara na kuɗin makaranta ne.

Shawarar farko da aka ba ni ita ce ƙaramin janareta, saboda araha. Sai dai tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ciyar da inji ya fi sayensa wuya. Ga hayaƙi, ga ƙarar da ba za ta bar ni in saurari muryar tsofaffi ina rubutawa ba.

Na koma ga sola. Wani mai shago a kasuwar Sabon Gari da ke Kano ya ce da ni, "Malama, kafin ki tambayi farashi, faɗa mini abin da za ki kunna." Muka zauna lissafi. Kwamfuta mai cin wat 60 na awa biyar, 300 ke nan. Ƙwan fitila uku masu wat biyar-biyar na awa shida, 90. Cajin wayoyi da rikoda, kamar 50. Jimilla 440 a yini. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗaukar 1,200, amma irin na ruwa rabinsa kawai ake ja in ana so ya yi ƙarko. Ashe batir ɗaya da farantin sola mai wat 150 sun ishe ni.

Abin da bai shiga lissafin ba shi ne firji, wanda Inna ta daɗe tana buri domin ruwan sanyi da azumi. Shi kaɗai zai ninka kuɗin. Da na faɗa mata cikin nauyin baki, sai ta ce, "Randa ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sayi na karatunki."

Yanzu da hunturu, kullum da safe ina goge ƙurar farantin, domin ƙura na rage masa ƙarfi. Da yamma maƙwabta kan kawo wayoyinsu caji, wasu tsofaffin kuma sukan zauna hira har su tuno wata waƙa. Rikodata a cike take. Kuɗin firjin Inna kuwa na fara tara su a asusu.