Takalman Fijo da Kuɗin Adashena

'Yar uwa mai karatu, kada ki ga maganar mota ki ce ba ruwanki, wai zancen maza ne. Ni ma haka na ɗauka a da, har ranar da zancen ya shigo mini ɗaki ya kwashe kuɗin adashena na wata goma.

Motar da nake faɗa miki Peugeot 504 ce, wadda muke kira Fijo, shuɗiya mai haske, gadon maigidana daga marigayi Baba Alhaji. A Faransa aka fara fito da irinta a 1968, daga 1975 kuma aka riƙa haɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma can aka haɗa tamu. Turawa sun daɗe da daina yinta amma Kaduna ba ta daina ba sai 2006, don kuwa mota ce da ta san hanyarmu. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, in ta faɗa rami sai ta lotsa ta taso kamar raƙumi. A cikinta aka kawo ni Haɗeja ina amarya, ina kuka cikin mayafi, saboda haka ni ma ina da nawa kason a sonta.

To, ana nan sai Baban Ummi ya kamu da kallon motocin Amurka a waya. Kullum bayan isha'i yana kishingiɗe, sai rugugin inji ke tashi daga hannunsa. Ya nuna mini wata wai Ford Mustang da aka fara yi a 1964, da wata Dodge Charger ta 1968, tsofaffi ne amma an wanke an goge, an sa musu tayoyi masu faɗi kamar turmi. Abin da bai tsaya ya faɗa mini ba, sai daga baya na ji, shi ne irin waɗanda yake kallo injinsu silinda takwas ne, ƙarfinsu ya isa ya sa siririyar taya ta yi ta juyi a wuri ɗaya tana hayaƙi, shi ya sa ake faɗaɗa musu ita don ta kama kwalta. Tamu kuwa silinda huɗu gare ta, ba ta taɓa yi wa kowa gardamar gudu ba.

Wata Juma'a da dare ya zauna bakin gadona ya yi gyaran murya. Na san wannan gyaran muryar.

"Maman Ummi, an ce ke ce da kwasa ƙarshen watan nan."

Na ce, "Haka ne, Malam. Firji nake son saye, in riƙa yin ƙanƙara da zoɓo kafin azumi."

Ya ce, "Aro za ki ba ni. Na ga wasu wili huɗu a Kano, na alminiyon, da tayoyinsu. Kafin azumi kuɗinki sun dawo."

A nan ne zan faɗi laifina, don ba na son in ɗora masa kaya duka. Da ya nuna mini hoton wilin nan suna ƙyalli, wallahi zuciyata ba ta tuna firji ba. Abin da na hango shi ne ranar biki, mu tsaya ƙofar gida, facalolina su leƙo su gani. Na yi ɗan jan aji na kwana biyu, na miƙa.

Tun ranar da aka kawo su rigima ta fara. Ashe ba kowane wili ke shiga kowace mota ba. Wilin Fijo hujinsa huɗu ne, a jere kan da'ira mai faɗin milimita 140, kuma motocin da ke da irin wannan awon ba su da yawa. Sababbin da aka kawo nasu hujin ya fi matsuwa. Sai aka ce a sa wani faifan ƙarfe a tsakani, adafta suke ce masa: a ɗaure shi jikin mota da notinta na asali, sannan a ɗaura sabon wili a jikinsa. Wannan faifan ya turo tayoyin waje da kamar yatsa biyu, ga su dama da faɗi. Lambar da ke jikin tsohuwar taya 175 ce, wato faɗinta ke nan a milimita, sabuwar kuwa 225. Da aka sauke motar daga jak sai taya ta kusa sumbatar bakin ƙarfen da ke rufe ta, dole aka kira mai gyaran jikin mota ya bubbuge bakin ya naɗe shi ciki. Ina daga zaure ina jin kowane bugun guduma a ƙirjina, don na san kowanne da kuɗinsa.

Tsohon makaniken da ke duba motar tun zamanin Baba Alhaji ya ƙi sa hannu. Da ya shigo gaishe da Hajiya na ji yana cewa, "Hajiya, ki yi wa ɗanki magana. Ki ɗauki bokitin ruwa kusa da jikinki ki ji, sannan ki miƙe hannu da shi ki ji. Nauyin ɗaya ne, amma kafaɗa ta san bambanci. Haka boris ɗin tayar nan zai ji." Ya kuma ce sabuwar tayar ba ta da tsayin gefe, babu naman da zai shanye duka in an faɗa rami, kuma wilin ƙarfe in ya lanƙwashe ana miƙe shi da guduma, na alminiyon kuwa tsagewa yake. Hajiya ta ce yaran yanzu ba sa jin magana, ta ci gaba da jan carbinta.

Gaskiya dai da rani mun sha daɗinmu. Yara na bin mu da gudu, 'yan acaɓa na ɗaga babban yatsa. Shi kuma yana da hujjarsa, yana cewa jihar da sunanta ma Jigawa, ai taya mai faɗi ita ce maganin rairayi. Bai yi ƙarya ba, mun je suna wajen Birniwa ta ratsa yashi ba ta nutse ba. Sitiyari ne dai ya yi tauri, don motar ba ta da na'urar da ke sassauta shi, in zai juya a lungunmu sai ka ga jijiyar wuyansa ta tashi. Mai ma ta ƙara sha, yana sani, bai faɗa ba. Azumi ya zo ya wuce ina sayen ƙanƙara a maƙwabta.

Sai damina ta 2022. Ke da ba 'yar nan ba ce, bari in gaya miki yadda muke. Kogin Haɗeja ruwan Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su gangaro mana, ga madatsar Tiga da aka yi a 1974, ga ta Challawa ta 1992 a samanmu. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, in ya zo da ƙarfi ba shi da wurin zuwa sai gonaki da gidaje. A watan Satumba na shekarar samarin gari kwana suke kan jinga suna jera buhunan ƙasa. Ran nan da hantsi ƙanwata ta bugo waya daga ƙauyenmu ta wajen Auyo, ta ce ruwa ya ci bayan gari, katangar Inna ta fara zubewa.

Muka tafi ni da shi. Zuwa lafiya lau, don motar ba kaya. Muka ɗora Inna, da ƙanwata da jaririnta na wata biyu, da keken ɗinki, da buhu uku na shinkafa shanshera, abin da ya rage wa Inna ke nan a duniya bayan gonar ta nutse. Wannan kaya ba komai ba ne wurin Fijo, Baba Alhaji ya sha ɗora mata fiye da haka. Amma da bayanta ya zauna sai na fara jin wani ƙara, ƙurrr, duk sanda muka taka gargada, can kuma sai warin roba mai ƙuna. Ƙarfen nan ne da aka naɗe yake yankar gefen taya.

Ga kuma laka. Ƙasar fadama in ta jiƙa santsi gare ta kamar karkashi. Siririyar taya yanka ta take ta tarar da tauri a ƙasa, mai faɗi kuwa hawa kanta take ta yi ta sulɓi. Gindin motar ya riƙa kaɗawa hagu da dama, ruwa na kwance ɓangare biyu na hanya, Inna na ta salati. Ba mu kai kwalta ba tayar baya ta dama ta fashe.

Ya fito da safaya, tsohuwar siririya ta asali. Sai a lokacin ya tuna ba za ta shiga ba sai an cire faifan nan, notin faifan kuma a cikin rami suke, bakin sifanarsa ya yi kauri ya ƙi shiga. Na tsaya ina kallonsa durƙushe cikin taɓo, rigarsa ta zuwa aiki ta koma baƙa, yana gwadawa yana sakewa. La'asar ta yi, hadari ya haɗo daga gabas, ruwan da ke gefen hanya da muka tarar da shi nesa da taya ya zo yana lasarta. Ban ce masa komai ba. Me zan ce, ni da na miƙa kuɗin da hannuna?

Wani bawan Allah mai amalanken shanu ne ya kwashe mu, mata da jariri da keken ɗinki da buhu ɗaya, ya kai mu bakin kwalta. Shi Malam ya kwana wurin motar. Kafin safiya ruwa ya shiga but ɗin, buhu biyun nan suka jiƙe, muka shanya su kwana da kwanaki amma rabi ya tsiro. Inna ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi surukinta kan maganar ba, kin san kunya irin tasu. Ni kaɗai ta ce wa, muna kan amalanke, murya ƙasa-ƙasa, "Wannan ba motar Alhaji ba ce da ta kai ki ɗaki? Me ya sami ƙafafunta?"

Tsohon makaniken ne ya je da yaransa suka jawo ta. Ya canja boris ɗin baya duka biyu, ya mayar da tsofaffin wilinta, waɗanda Allah Ya taimaka ba a sayar ba. Bai ce ai na faɗa ba, kuɗin aikinsa kawai ya faɗa. Malam ya sai wa Inna buhu biyu da albashinsa ba tare da kowa ya tambaye shi ba. Kuɗina kuwa kaɗan-kaɗan ya riƙa biya, yana cikin biya aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kaya suka tashi, abin da da zai sayi firji sabo ya ƙare a ɗan ƙarami na hannu.

Tayoyi ukun da suka tsira, ɗaya na yanka ta ina zuba wa awaki dusa, biyu yara na wasa da su. Wilin huɗu suna jingine a zaure, an yi ciniki sau biyu bai sallama ba. Jiya da safe na fito kai wa Ummi kuɗin makaranta na tarar da shi tsugune yana goge su da tsumma. Da ya ji motsina sai ya ce wai ƙura ce ta yi yawa.