Daɗin Waƙoƙin Sudan Ga Mutumin Jahun

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a jaridarka in amsa wa abokaina na nan Jahun, waɗanda kullum suke yi mini ba'a don ina sauraron waƙoƙin Sudan. Suna cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To, ni ban raina Shata ko Narambaɗa ba, amma ga hujjata.

Asalin abin, kawuna ne ya komo daga Hajji da wani kaset, ba hoto, ba suna. Na shekara uku ina jin muryar mutumin nan ban san ko wane ne ba, sai ran nan wani malami a Dutse ya ji, ya ce ai Muhammad Wardi ke nan. Wallahi murnar da na yi ran nan kamar an nuna mini ɗan'uwana da ya ɓata. Wanda ake kawo wa waƙa har gida ta rediyo bai san wannan daɗi na nema da samu ba.

Daga nan na bi sawunsa. Ashe malamin makaranta ne, mutumin Nuba daga arewacin Sudan, an haife shi a 1932. Ya fara waƙa a gidan rediyon Umdurman a 1957, da Larabci da harshen Nuba. Waƙa ta kai shi kurkuku, ta kai shi gudun hijira, ya komo gida a 2002, ya rasu a 2012. Na kuma gane abin da ya sa kunnen Bahaushe ba ya baƙunta da kiɗansu, watau a kan matakan murya biyar aka gina shi, kamar yawancin namu.

Ya ku masu karatu, Sudan ba bare ba ce gare mu. Ta nan kakanninmu suka bi da ƙafa zuwa Makka, waɗansu suka zauna can. Garin Mai Wurno ma, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903.

Saboda haka da yaƙi ya ɓarke a Hartum cikin Afrilu 2023, har mayaƙa suka mamaye gidan rediyon nan inda aka adana muryoyin mawaƙansu, abokaina labari kawai suka ji, ni kuwa kwana na yi ban runtsa ba. Waƙa ce ta sa mutanen da ban taɓa gani ba suka zama nawa, har nake sa su cikin addu'a.

Roƙona ga duk mai irin wannan kaset a ƙasan adaka, kada ya bari ƙura ta ci shi. A juya shi a waya, a ba yara su ji. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Mai Tsohon Kaset, Jahun.