Wanda Aka Ci Ya Miƙa Hannu

Jiya bayan la'asar na bi ta tsohon layinmu a Malali, sai ƙafata ta tsaya a ƙofar shagon da muka ci ƙuruciya a cikinsa. Yanzu POS ake yi a wurin, da cajin waya. Na daɗe a tsaye har yaron shagon ya ce, "Yallaɓai, cirewa za a yi?"

Wajejen 2007 talabijin uku ne a ɗakin nan, kowacce da PlayStation 2 a ƙarƙashinta, ga benci biyu, ga ƙaramin janareto a waje yana ta kuka. Ƙwallon kamfanin Konami muke bugawa, wasu su ce Winning Eleven, wasu su ce PES. Duk wanda ya riski PES 6 ya san fitinar Adriano na Inter Milan, mai ƙarfin bugu 99. Sai da muka kafa doka ba mai ɗaukar Inter sai abokin karawarsa ya yarda. Liverpool kuwa Merseyside Red aka rubuta mata, don kamfanin bai sayi izinin sunan ba, mu kuma ko a jikinmu.

Babbar dokar ita ce wanda aka ci shi zai biya, ya kuma miƙa hannu ga na gaba. Hannu muke ce wa abin sarrafa 'yan wasan. In aka zura maka huɗu ba ko ɗaya, a gaban mutum goma aka zura, kuma da su za ka yi sahu a sallar magariba. Ina za ka gudu? Dole ka haɗiye, ka tashi, ka koma ƙarshen benci ana yi maka tsiya, gobe ka dawo. Ɗan gidan masu hali daga Unguwar Rimi da yaron bakanike daga Badarawa kafaɗa da kafaɗa suke zama, yatsa kawai ke raba su. Wurin yana da nasa aibin, ba zan ɓoye ba. An gudu daga islamiyya dominsa, an taɓa kuɗin cefane, daga baya caca ta leƙo. Iyayen da suka riƙa zuwa da bulala suna da gaskiyarsu.

Da daddare na tarar da ɗan yayata, mai shekara 15, a kwance yana buga eFootball a waya. Shi ne PES ɗinmu, a 2021 Konami ta sauya masa suna ta mai da shi kyauta. Yaron yana cikin wani zauren WhatsApp da yara daga Kano, Zariya, har Maraɗi. Su shirya gasa, su tura wa juna lambar ɗaki, wanda ya ci ya ɗora hoton sakamako. Wallahi abin ya burge ni. Mu iyakarmu layi uku, shi ga shi yana wasa da yaron wata ƙasa cikin Hausa. Akwai 'yan mata ma a ciki, alhali a shagonmu mace ba ta taɓa taka ƙofa ba.

Ina nan zaune aka ci shi uku. Sai kawai ya kashe data, wasa ya yanke, ya rubuta musu wai sabis ne ya ɗauke. Na leƙa hirar, na ga zagin da in a benci aka yi shi, da manya sun shiga maganar. Na ce, "Kai, haka kuke yi?" Ya ce, "Kawu, ai ba wanda ya san ni."

Maganar nan ce ta hana ni barci. Ga kuma kuɗi da ya shiga tsakani: mai hali ya sayi zaratan 'yan wasa da katin banki, marar shi ya yi ta haƙuri da abin da ya samu.

Ban ga laifin yaran ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, kunna janareto don yara su buga gem ya zama asara. Shagunan da suka rage sun koma PS4 da PS5, kuɗin wasa ɗaya ya fi ƙarfin ɗan sakandare. Waya ce ta rage musu, mu kuma da muka san daɗin bencin ba mu kafa musu wani ba.

Akwai PS4 a ɗakina tana shan ƙura. Na ce wa ɗan yayata ya kira 'yan zaurensu da ke Malali da Unguwar Dosa ranar Asabar bayan la'asar, za mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a tashi kafin magariba. Ba caca, ba zagi, wanda aka ci ya gaisa da abokinsa ya miƙa hannu. Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, in aka ci ni a gabansu fa?" Na ce ni da shi za mu buɗe wasan.

Hannu ɗaya ne mai lafiya a wurina. Duk na kusa da ke da na aro, don Allah ya yi mini magana kafin Juma'a.