Adon Harshe a Tsakar Gida

A ajin Hausa na sakandare, a Kano, cikin shekarun 1980, malaminmu ya cika allo da sunaye: kamantawa, siffantawa, jinsarwa, kambamawa, irin rabe-raben da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya tsara don feɗe waƙa. Mu dai mun ɗauka kayan manyan marubuta ne, su Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu. Sai malam ya ce kada wanda ya buɗe littafi. Ran Litinin kowa ya zo da abin da kunnensa ya jiyo a gida da kasuwa.

Tun a soro na fara samu. Inna ta tare ni da cewa, "Ina ka tsaya? Na leƙo ya fi sau dubu." Kambamawa ke nan. Ƙanena kuma, in ji ta, barci ya sace shi a kan tabarma da lomar tuwo a hannu. An mai da barci ɓarawo, an ba shi hali irin na mutum. Gari ya waye, kasuwa ta ci, zazzaɓi ya kama wane: duk kullum muke faɗa, ba mu taɓa jin wani abu a cikinsu ba.

Wurin Goggo na ga yadda kunya take haifar da salo. Ba ta cewa wane ya mutu, sai dai ya riga mu gidan gaskiya. Mai ciki ba ta haihu ba, ta sauka ne. Ɗanta na fari kuwa, har ta bar duniya ban ji sunansa a bakinta ba. "Yaron nan" take cewa, alhali yana da furfura.

Amma habaici ya fi komai ɗaukar hankalina. A maƙwabtanmu akwai kishiyoyi biyu. Uwargida tana sheƙar gero, kaza ta zo tana tsattsaga, sai ta daka mata tsawa yadda kowa zai ji: "Ke dai kaza, ci ki goge baki!" Amarya tana bakin murhu, ba ta ɗago ba, sai cokali da ya ƙara ƙara a tukunya. Jiya uwargida ta ba ta aron daddawa da mai, yau da safe ko gaisuwa babu. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Wanda bai san zancen daddawar nan ba, kaza kawai zai ji ana kora.

Shi ya sa har yau raina ba ya so in ga ana ba yara jimlolin da aka ƙirƙira, irin su "Audu zaki ne", a ce su ja layi a ƙarƙashin siffantawa. Za su ci jarrabawa. Amma a jimlar babu mai faɗa, babu wanda ake nufi, babu abin da ya faru jiya, alhali da yamma duk suna jiran yaron a tsakar gidansu.