RANAR DA NA KAI FIYANON YAYANA KUMBOTSO

Garinmu wani ɗan ƙauye ne a tsakanin Kura da Bunkure, cikin yankin noman rani da ake kira aikin Kadawa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, wadda aka soma a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke biyo kanal yana ratsa gonakinmu rani da damina. Saboda haka duk yaron da ya tashi a wajenmu ya san shinkafa da alkama da tumatir da albasa, kuma kowane uba burinsa ɗansa ya gaje shi a fadama. Yayana kuwa sai Allah ya ɗora masa son kiɗan fiyano.

Masu karatu sun san fiyano, wato abin kiɗan nan na lantarki mai madannai farare da baƙaƙe. Tun wajen ƙarshen shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, shi ne ya zama ginshiƙin kiɗan waƙoƙinsu, domin mutum guda zai zauna ya fitar da amon ganga da sarewa da molo daga cikinsa. Daga nan ya shiga gidajen biki. Yaya ya koya a wurin wani abokinsa a birni, ya dawo ya tasa Baba da roƙo. Baba ya daɗe yana ƙi. Daga bisani, bayan Inna da Kawu sun sa baki, ya yarda aka sayar da buhu bakwai na shanshera daga rabon Yaya, aka sayo masa fiyano na hannu, amma da sharaɗi guda. Baba ya ce, "Ran da abin nan ya lalace, ba na son jin wata magana. Ga fartanyarka nan tana jiranka."

Fiyanon ba na shahararrun kamfanoni ba ne. Madannansa 61 ne, farare 36, baƙaƙe 25, jikinsa duk roba ce mara kauri, idan ka ɗaga shi ta gefe guda sai ka ji yana ƙara kamar zai rabe. Kullum Yaya cikin fargaba yake. Yakan ce waɗanda suka ƙera shi ɗaki mai sanyi da shimfiɗaɗɗen daɓe suka yi wa, ba su san hanyar bakin kanal ba. Bayan kowane kiɗa sai ya goge shi da tsumma mai laushi, ya lulluɓe shi, kuma ba ya barin kowa ya taɓa, har ni.

A hutun Disamba na shekarar 2024, kwana uku da dawowata daga makaranta, aka gayyaci Yaya kiɗan biki a Kumbotso. Shi ne aiki mafi girma da ya taɓa samu. Ya yi gaba tun ranar Juma'a a kan babur da lasifikoki, ya ce ba zai ɗora fiyano a babur ba ko da kuɗi, ni zan biyo shi da shi a mota ranar Asabar. Kafin ya tafi ya kafa mini dokoki uku. Na farko, kada a ɗora masa komai, domin madannai ba sa ɗaukar nauyi. Na biyu, kada rana ta doke shi ko ƙura ta shige shi, domin zafi na lanƙwasa roba, ƙura kuwa idan ta kwanta a kan 'yan robobin da ke ƙarƙashin madannai sai wasu su daina magana. Na uku, in zare wayar wuta daga jikinsa in sa a aljihuna tare da adafta. Na ce, "To, Yaya, na ji."

Da dare aka kawo wuta. Ga fiyano a ɗaki, ga shi babu mai tsawata mini. Sai zuciya ta ce, wannan dama ba ta dawowa. Na jona shi, na rage murya, na yi ta dannawa har barci ya soma fizgata. Can na ji tarin Baba a tsakar gida, sai na yi wuf na cire adafta daga bango, na naɗe wayar a kan fiyano, na ja mayafi na rufe. Bakin wayar kuwa yana nan cuse a raminsa ta baya.

Da asuba Inna ce ta yi ɗaurin. Ita ba ta san fiyano ba, amma ta shekara talatin tana aika tukwane da ƙwai kasuwa. Ta sa na zura shi da mayafinsa cikin babbar leda saboda ƙurar hunturu, ta naɗe shi da bargon Yaya, sa'an nan ta cika buhu biyu rabi-rabi da ɓuntun shinkafa, ta baje su kamar matashi, guda a ƙasa guda a sama, ta ɗaure da tsohon zane. Ta ce igiya tana cin kaya, zane kuwa rungumarsu yake yi. Ta ƙara da cewa, "Abin da ke fashewa ba a barinsa ya yi rawa, ba a kuma matse shi. Ka riƙe shi kamar jariri."

Motar da na samu akori-kura ce ta kwandunan tumatir. Yaron mota ya miƙo hannu zai jefa ƙunshin a saman kaya, na ƙi. Ya ce to sai in biya kuɗin mutum biyu. Na biya daga kuɗin guzurina, na zauna a baya, na kwantar da fiyano a cinyoyina. Duk wanda ya san hanyar bakin kanal ya san yadda taraktoci da manyan motoci suka farfasa ta. Motar na tafe tana tangaɗi, ni kuma ina ɗaga gwiwoyi duk sa'ad da na hango rami. Wani dattijo da ke kusa da ni ya tambaye ni ko gawa na ɗauko, mutane suka fashe da dariya, ni dai ban ce uffan ba.

Dab da mu hau kwalta sai direba ya afka wani kwalbati da gudu. Muka yi sama muka dawo, bayan ƙunshin ya bugi ƙarfen gefen mota. Na ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an karya tsinke. Gabana ya faɗi, amma na ce wa raina ai akwai bargo, akwai ɓuntu. Muka bi titin Zariya, muka ƙetare gadar Tamburawa a kan kogin Challawa, na sauka na shiga Adaidaita Sahu, kafin azahar ina Kumbotso.

Yaya ya tare ni da murna. Ni na kwance ɗaurin yana can yana gyaran lasifika. Ina ɗaga mayafi na ga bakin wayar a cuse, ya karkace gefe guda. Nan take na gane abin da ya yi ƙara. Na zare shi da sauri na sa a aljihu, kamar dai tun daga gida a can yake. Yaya ya zo ya duba jiki, babu tsaga, ya bi madannai ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya, ya sa mini albarka. Aka tayar da janareta, ya jona waya, fiyano ya yi shiru. Ya murɗa, ya girgiza, 'yar fitilar ta kama ta mutu.

Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba. Ya dafe kai yana cewa dama ya sani, araha ba ta ado, an sayar masa da kwali an karɓe masa shinkafa. Ya rantse gobe da sassafe zai je wurin mutumin da ya sayar masa, ko ya biya shi ko su kwana a wurin hukuma. Mata sun soma taruwa, uban ango na ta leƙowa. Ni kuwa ina tsaye, waya ta fita daga aljihuna amma nauyinta na nan. Na ga idan na yi shiru babu wanda zai taɓa sani, sai dai za a je a ci mutuncin bawan Allah a kan laifina, Yaya kuma ya koma fartanya yana zaton kayansa ne suka ci amanarsa.

Na ce, "Yaya, ni ne." Na faɗa masa duka, tun daga kiɗan dare har kwalbati. Ya dube ni ya daɗe, na sunkuyar da kai ina jiran mari. Sai ya ce, "Ɗauko shi, mu je."

Muka sami wani mai gyaran rediyo a bakin hanya. Ya kwance bayan fiyano ya nuna mana. Ramin wayar ɗan ƙaramin abu ne, 'yan ƙafafu uku ne ke riƙe da shi a jikin koren allon ciki, an like su da dalma. Da ƙarfen mota ya bugi bakin wayar, sai ya zama kamar an sa sanda an ɓanɓare shi, dalmar ta tsage. Yaya ya tambaye shi ko rashin ƙwari ne. Mai gyara ya ce, "Dalmar kam sun yi rowarta, robar ma ba ta da kauri. Amma ko na Sarki ne, aka bar masa waya a jiki aka buga, a nan zai karye." Babu wuta a shagonsa a lokacin, sai ya nuna mana wani murfi a ƙarƙashi, ya ce a zuba batir shida. Da sauran kuɗin motata na saye su. Fiyano ya kama, Yaya ya yi kiɗa har aka tashi, washegari aka like dalmar cikin minti kaɗan.

Da muka koma gida na ɗauka Yaya zai rufa mini asiri, sai ya ce in faɗa wa Baba da bakina. Na faɗa. Baba ya yi shiru, sa'an nan ya ce abin bai lalace ba tunda ya yi aikinsa, amma kuɗin gyara da na batir na biyu da aka ƙara a kaina suke. Na biya su da kwana biyar ina tsinkar tumatir.

Da na dawo makaranta na ba malaminmu na kimiyya labari, shi kuma ya ba ni wani. Ya ce kamfanin Yamaha na ƙasar Japan, wanda fiyanonsa suka fi shahara a Kano, ya samo asali ne daga wani mai gyara, Torakusu Yamaha. A shekarar 1887 aka kira shi ya gyara wani abin kiɗa mai madannai, irin wanda ake hura wa iska da ƙafa, a wata makarantar firamare a garin Hamamatsu. Daga nan ya ƙera nasa. Shi da abokin aikinsa suka rataye shi a sanda, suka saɓa a kafaɗa, suka ƙetare duwatsun Hakone zuwa Tokiyo, tafiyar fiye da kilomita 200, don masana su gwada. Sun isa da shi, amma masanan suka ce amonsa bai daidaita ba. Bai yi musu ba, ya zauna ya koyi abin da bai sani ba, ya koma ya ƙera wani aka karɓa. Malam ya ce in lura, mutumin ya kiyaye kayansa a hanya, kuma da aka nuna masa kuskurensa ya amsa.

Har yanzu fiyanon Yaya ba shi da ƙwari, kuma har yanzu yana aiki. Kafinta ya yi masa akwatin katako, Inna ta ɗinka masa matashin ɓuntu a ciki, akwai kuma ɗan aljihu na musamman don waya. Ina jan hankalin 'yan'uwana ɗalibai, mu da ke saurin cewa kayan zamani ba su da aminci duk sa'ad da kujera ko fitila ko kayan ɗakin gwaji suka lalace a hannunmu. Sau da yawa gaskiya ne, ba su da ƙwari. To, amma kafin mu zagi maƙeri, mu fara laluba aljihunmu. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.