Kafin a Ɗora Laifi: Abin da na Koya Daga Kwamfutar Auta

A watan Afrilun 2023, lokacin da zafin bazara ya kai intaha, autana ya kammala haɗa kwamfutar wasanni da hannunsa. Ya fi shekara yana tara kuɗin da yake samu daga gyaran wayoyi, yana sayen kayan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi cin kuɗi a ciki shi ne katin hoto, wato sashen da ke lissafa duk wani hoto da zai bayyana a allo. Bai sami halin sayen sabo ba, sai ya sayi na hannu, samfurin RTX 3060 na kamfanin Nvidia, daga wurin ɗan wani aminina da muka yi makaranta tare.

Murnar ba ta kwana ba. Da ya kunna wasan ƙwallo, sai hoton ya riƙa tsagewa gida biyu, rabin sama ya goce daga rabin ƙasa. Da ya shiga wani wasan mai yawan duhu, sai ga ɗigo-ɗigo farare da koraye suna walƙiya kamar an watsa gero a baƙin faranti, wani lokaci ma allon ya ɗauke na daƙiƙa biyu ya dawo. Ya same ni a ɗakin karatu, idonsa ya yi ja.

"Baba, an cuce ni. Katin nan matacce aka sayar mini."

Zatonsa yana da madogara. A watan Satumban 2022 kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogaro da haƙar da ake yi da katunan hoto, saboda haka katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, kuma wasunsu sun gaji. Amma zato daban, hujja daban. Na san in har ya je ya yi wa yaron nan kalaman da ke bakinsa, zumuncin shekara talatin ne zai girgiza. Sai na ce ya ba ni kwana biyu.

Ban san komai game da cikin kwamfuta ba, amma na san hanyar bincike. A darasin tsarin sauti, idan muna son tabbatar da cewa sautuka biyu sun bambanta, mukan kawo kalmomi biyu da suka yi daidai a komai sai a gurbi guda, kamar kafa da ƙafa, ko bari da ɓari. Tunda abu ɗaya kaɗai ya canza, to shi ne ya canza ma'ana. Na ce masa haka za mu yi: mu canza abu ɗaya, mu gwada, mu rubuta sakamako, sannan mu matsa gaba. Shi kuwa da so ya yi ya kwance komai a dare ɗaya.

Mun fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ya goge direban katin, wato manhajar da ke sada shi da Windows, ta hanyar wata manhaja mai suna Display Driver Uninstaller, ya ɗora sabo. Babu abin da ya canza. Muka duba zafi, domin katin da ya yi zafi fiye da kima yakan ɓata hoto, ga shi kuma ɗakin kamar tanda. Bayan awa guda ana wasa, ma'auni bai wuce digiri 72 ba, wanda ba abin damuwa ba ne. Ya kashe wuta, ya zare katin, ya mayar da shi raminsa har ya ji ya kama, ya kuma danna wayar da ke ba shi wuta. Ɗigon yana nan.

A nan ne na tambaye shi ko tsagewar hoto da ɗigon suna zuwa tare. Ya yi shiru, sannan ya ce a'a. Ashe cuta biyu muke wa kallon ɗaya. Tsagewar ba lalacewa ba ce. Allo yana sabunta hotonsa sau wani adadi a daƙiƙa, nasa sau 144, shi kuma katin yana aiko da hotuna a nasa saurin. Idan sabon hoto ya iso alhali allo yana tsakiyar zana na baya, sai a ga rabin wannan da rabin wancan. Domin magance haka ne Nvidia ta gabatar da G-Sync a 2013, AMD kuma ta fito da FreeSync a 2015, amma tun kafin su akwai tsohon tsari mai suna V-Sync a cikin kusan kowane wasa, wanda ke sa kati ya jira allo. Yana kunna shi, tsagewar ta tafi.

Saura ɗigon. Gwajin da ya warware mana shi mai sauƙi ne ƙwarai. A daidai lokacin da allo ya cika da ɗigo, ya sa kwamfutar ta ɗauki hoton abin da take nunawa, ya tura hoton zuwa wayarsa. Muka duba, tas yake. Ma'anar wannan ita ce, hoton ya fito lafiya daga ma'adanar katin, a hanya ne yake lalacewa. Da ma'adanar ce ta lalace, da ɗigon ya bi hoton har cikin waya. Sai ya rage saurin allon daga 144 zuwa 60, ɗigon ya ɓace. Hakan ya nuna akwai wani abu da ke iya ɗaukar kaya kaɗan, amma ya gaza in an ƙara masa.

Washegari muka aro kebul ɗin HDMI daga maƙwabci. Aka mayar da allo 144, aka yi wasa har la'asar, ko ɗigo ɗaya. Auta ya tashi zai yi tsalle, na ce ya dakata, ya mayar da tsohon. Yana mayarwa, ɗigon ya dawo. Sai a lokacin na yarda, domin gwajin da ba a juya shi ba bai cika ba. Kebul ɗin da aka ba shi gyara a kasuwa, wanda ya fi komai araha a cikin kwamfutar, shi ne mai laifi. Katin ɗan aminina lafiyarsa ƙalau, kuma har yau yaron bai san irin zargin da ya tsallake ba.

Wannan lamari ya sa na tuna wata ɗaliba da na taɓa yanke wa hukuncin rashin ƙoƙari saboda yawan kurakuran da take yi wajen kwafar rubutu daga allo. Sai da zango ya kusa ƙarewa na gane idonta ne ba ya hango allon daga bayan aji. Da na mayar da ita gaba tun makon farko, da na gane. Ku da za ku riƙe aji gobe za ku ga irin wannan ɗigo a littattafan yara. Wani kuskuren daga kunne yake, wani daga ido, wani daga karin harshen gida, wani kuma daga bayanin malamin kansa. Kada ku yi saurin cewa kan yaro ne ya toshe. Ku canza masa wurin zama, ku duba. Ku canza misali, ku duba. Ku sa ya faɗa da baki abin da ya kasa rubutawa, ku duba.

Tsohon kebul ɗin yana nan a aljihun teburina na ofis. Auta ya so ya jefar, na karɓe.